Gonar da na saya, aka ce ba zan kwana a cikinta ba

Ranar da guduma ta sauka a ɗakin gwanjon nan, cikin watan Oktoban 2014, hannuna rawa yake yi har biro ya kusa suɓuce mini. Eka 15 ce ta ciyawa, da 'yar ƙorama a gefe, da wata tsohuwar rumfar kwano, a wani lungun karkara na yammacin Ingila, ba nisa da iyakar Wales. Fam 118,000. Duk abin da muka tara ni da uwargida cikin shekara goma sha ɗaya ya tafi, har da bashin da 'yan uwa biyu suka ba mu. A gwanjo irin wannan, da guduma ta sauka ciniki ya faɗa, a nan take za ka ajiye kashi 10 cikin ɗari, sauran kuma cikin kwana 28. Ba zancen in je in yi shawara.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, makon jiya wani ɗan uwa ya turo mini hoton fili ta WhatsApp, kore shar, ya ce ya ga arha, yana so ya gina wa iyalinsa gida. Na kira shi muka yi awa biyu a waya. Da na ajiye sai na ce gara in rubuta sau ɗaya, duk mai irin wannan mafarki ya karanta.

Ni ɗan manomi ne. Na riga sanin fartanya kafin in san alli. A wurin mahaifina gona da gida abu ɗaya ne, inda ka share ka shuka nan za ka kafa bukka in ka ga dama, ba wanda za ka tambaya. Da wannan tunani na sauka Ingila a 2003, wai karatu na zo, rayuwa ta juya da ni na zama direban bas a Birmingham. Uwargida ma'aikaciyar jinya ce. Muna hawa na bakwai a wani dogon bene, yara uku, ɗaki biyu. In yaro ya yi tsalle maƙwabcin ƙasa ya buga silin da sandar tsintsiya. Duk lokacin da aka ba ni hanyar da ke fita bayan gari, ina tuƙi ina kallon gonaki, ƙirjina yana yi mini nauyi. Ƙasa ga ta shimfiɗe ba kowa, 'ya'yana kuma ba su da inda za su yi gudu.

Lauyan da ya yi mana takardu ya faɗa mini, ba zan zalunce shi ba. Ya ce, "Ka dai san wannan ƙasar noma ce, babu izinin gini a kanta?" Na ce na sani. A zuciyata kuwa cewa nake yi izini ai takarda ce, ana cika fom a biya kuɗi a jira. Ban tsaya na tambayi kaina ba, me ya sa eka 15 a nan ba ta kai kuɗin ɗan filin gida ɗaya a cikin ƙauyen da ke kusa ba. Amsar tana cikin farashin, ni ne kwaɗayi ya rufe wa ido.

Na kira Baba a daren, yana ta sa albarka. Na ce masa ɗaki na farko da za a gina nasa ne, tagarsa tana kallon ƙorama.

A farkon 2015 na ɗauki mai zanen gini, ya zana mana gida mai ɗaki biyar, na biya fam 385 kuɗin neman izini a sashen tsara gine-gine na ƙaramar hukuma. Suka liƙa wata takarda a jikin ƙyauren gonar, wai duk mai magana yana da kwana 21 ya faɗa. Mako takwas cif amsa ta zo. An ƙi. Dalilin bai cika shafi ɗaya ba.

Sai a lokacin na zauna na karanta abin da ya kamata in karanta tun kafin in ɗaga hannu a gwanjo. Tun dokar tsara birane da karkara ta 1947, wadda aka yi bayan yaƙin duniya na biyu, an raba mallakar ƙasa da ikon gini a kanta. Ƙasar taka ce, sunanka ne a rajista, ka noma ta, ka yi kiwo, ka sayar, ba mai hana ka. Amma ikon ɗora bulo a kanta yana hannun hukuma. Dokar 1990 da ake aiki da ita yanzu a kan wannan turbar take. Sannan ga kundin manufofin tsara gine-gine na ƙasa da aka fitar a 2012, wanda sakin layinsa na 55 ya ce a guji gina gidaje a keɓe cikin karkara sai da wani dalili na musamman. Na farkon dalilan shi ne idan akwai larura ta gaske ma'aikacin karkara ya zauna dindindin a wurin aikinsa ko kusa da shi. Lambar sakin layin ta yi ta sauyawa daga baya, ta koma 79, ta koma 80, ta koma 84, maganar dai tana nan yadda take.

Ni kuwa abin da na rubuta musu a takardata shi ne yarana uku, da ƙuncin gidanmu, da yadda na biya haraji shekara da shekaru. Ashe ba wanda ya tambaye ni wannan. Dokar ba ta tambayar ko mutum yana bukatar gida. Tambayarta ita ce ko gonar tana bukatar mutum da daddare.

Da na gaya wa Baba, ya yi shiru, sannan ya ce, "To wai shi wanda ya sayar maka, gonar tasa ce kuwa?" Na ce tasa ce. Ya ce, "Ka biya duka?" Na ce na biya. Ya ce, "Kuma ba za ka kwana a ciki ba?" Na rasa ta inda zan fara masa bayani. Har ya koma ga Allah yana ganin damfara ce aka yi mini nake ɓoyewa.

Na ɗaukaka ƙara, tunda ba a biyan kuɗi, kuma ana da wata shida a yi. Hukumar da ke duba irin waɗannan ƙararraki a Bristol take. Suka turo sufeto, wata dattijuwa da takalmin roba, ta zagaya gonar a cikin yayyafi, ta tsaya a bakin shinge ta daɗe tana kallon tsaunuka, ba ta ce da ni komai ba sai gaisuwa. Hukuncinta ya zo a 2016. Ta rubuta cewa ta fahimci halin da iyalina ke ciki, amma babu wata sana'ar noma a wurin da za ta sa a ce dole wani ya kwana. Na ji haushi ƙwarai a lokacin. Yau in na sake karantawa, ban ga inda ta faɗi abin da ba haka ba. Tumaki shida ne a gonar, su ma na maƙwabci ne.

Daga nan na shiga neman ɓarauniyar hanya, kuma a nan na fi yin asara. Na ji cewa tun 2014 an sassauta, ana iya mai da tsohon ginin gona ya zama gida ba tare da cikakken izini ba, abin da suke kira Class Q, muddin, a ƙa'idar wancan lokacin, ana amfani da ginin wajen aikin gona a ranar 20 ga Maris 2013. Na ce to ga rumfata. Na sake biyan mai zane, na biya injiniya, na biya wani masani ya zo ya zauna da magariba da na'ura yana sauraron jemagu, domin jemage yana da kariyar doka a ƙasar nan, kuma ba a ƙidayarsa sai da bazara zuwa farkon kaka. Mutum da digirinsa, a kan kujerar roba, yana jiran jemage ya fito, ni kuma ina biyansa. Duk a banza. Rumfar tawa ginshiƙai ne shida da kwano, ba bango. A Nuwamban 2016 babbar kotu ta yanke hukunci a wata shari'a cewa idan aikin ya kai matsayin sabon gini, to ba gyaran tsoho ba ne, sassaucin bai shafe shi ba. Da wannan aka mayar mini da takardata a farkon 2017.

Sai na yi wautar da ta fi kowace. Na sayi tsohon karaban, ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ja da mota, na tura shi bayan rumfa, na riƙa kwana a ciki ranakun hutu. Wani ya ce mini in ka shekara huɗu ba a kama ka ba shi ke nan. Ban san ma cewa zancen shekara huɗu bai shafi karaban ba, kuma tun Afrilun 2024 an mai da wa'adin shekara goma ga kowane irin gini a Ingila. A ƙauye kowa ya san motar kowa. Mako biyar jami'in tabbatar da bin doka ya iso, da ladabinsa, ya ɗauki hoto, ya leƙa ya ga katifa da risho da buta. Wasiƙa ta biyo baya. Na janye karaban da kaina kafin a kai ga takardar tilasci, amma sunana ya riga ya shiga fayil a matsayin mai neman zagaye doka, kuma wannan tabon ya bi ni shekaru.

A wannan shekarar Baba ya rasu. Ina kan hanya da bas cike da fasinja waya ta yi ta girgiza a aljihuna, sai da na kai tasha ta ƙarshe na duba. Ban samu jana'iza ba. Abin da ya tsaya mini a maƙoshi, kuɗin da zan kawo shi ya ga jikokinsa su ne na zuba wa masu zane da mai ƙidayar jemagu, ina cewa bari a gama ɗakinsa tukuna.

Bayan na dawo daga ta'aziyya, wani dare yara sun yi barci, uwargida ta ajiye takardun banki a kan tebur. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ba halinta ba ne. Ta ce, "Abban yara, ni ban hana ka ba tun farko, yanzu ma ba zan hana ka ba. Amma ka gaya mini gaskiya, gona kake so ko gida a cikin gona?" Na buɗe baki na rufe. Ta ce, "In gida ne, mu sayar mu huta, asara ba a kanmu aka fara ba. In noma ne, to ka yi noman mu gani."

Kwana uku ina juya maganar. Gaskiyar da na ƙi faɗa wa kaina ita ce gida nake so, noman ado ne. Amma da na yi tunanin sayarwa sai na ji kamar Baba zan sake binnewa. Na ce mata noma zan yi.

Na nemi mai ba da shawara kan harkar gona, irin waɗanda aikinsu ke nan, rubuta rahoton da hukuma ke karantawa. Da na neme shi tun 2014, da kuɗin awa biyu ya tsirar da ni daga duk abin da na ba da labari a sama. Ya taka gonar, ya tona ƙasa da takalminsa, ya ce tumaki ba za su kai ni ko'ina ba. Eka 15 ba za ta ɗauki garken da zai ciyar da iyali ba, kuma haihuwar tumaki ta 'yan makonni ce a shekara, hukuma za ta ce ka kawo karaban lokacin haihuwa ka ɗauke in an gama. Ya ce abu biyu ake aunawa. Na ɗaya, ko dabbobin suna bukatar mutum a kusa dare da rana a mafi yawan shekara, kuma aikin ya kai na mutum ɗaya cikakke, wanda suke lissafawa da kwana 275 na awa takwas-takwas, wato awa 2,200 a shekara. Na biyu, ko sana'ar za ta iya riƙe kanta, ta biya mai yinta, ta kuma ɗauki nauyin gina gidan. Ya ƙara da cewa ko an cika waɗannan, in akwai gidan sayarwa ko na haya a kusa da zai biya bukatar, za a ce je ka can.

Muka tsaya a kan awakin nama, jinsin Boer da ruwa-biyunsu, a raba su rukuni-rukuni yadda haihuwa za ta zagaye shekara, tunda cikin akuya wata biyar ne. Sannan renon maruƙa, waɗanda ake sayowa daga gonakin madara suna 'yan makonni, a shayar da su har a yaye. Kasuwar naman akuya kuwa na san inda take, shekara goma sha huɗu ina wucewa ta gaban mahautan Birmingham. Na karɓi lambar rajistar gona, na koyi sa wa kowace dabba alamar kunne, na koyi cewa kowane maraƙi yana da fasfo nasa, kuma ko akuya ɗaya ka fitar daga gona sai ka cika takarda. Yankan sayarwa kuwa sai a mayanka mai lasisi, haka ma na layya. Na yi hayar ƙarin eka 20 daga wani dattijo maƙwabcina. Saboda gonar ta haura hekta 5, ginin rumfar dabbobi bai bukaci cikakken izini ba, sanarwa kawai na kai aka duba wurin da fasalinta. Abin dariya, ɗakin awaki ya samu amincewa cikin wata ɗaya.

Na rage aikin bas zuwa kwana biyu a mako, na kama hayar ɗaki a wani gari mai nisan mil 7 daga gonar. Mai ba ni shawara ya ba ni wani littafi mai baƙin bango ya ce duk abin da ya faru da dare in rubuta, da kwanan wata da lokaci. Na ɗauka aikin banza ne.

Ƙarshen Fabrairun 2018 sanyin nan ya sauko daga gabas, wanda Turawa suka laƙaba wa suna Dodon Gabas, guguwa kuma ta biyo bayansa a farkon Maris. Ina da awaki 22 da ke gab da haihuwa. Ranar Alhamis da yamma na ba su ingirici, na duba ruwa, na ce bari in je in yi wanka in ɗauko abinci in dawo. Kafin in fito iska ta kwashe dusar ƙanƙara daga gonaki ta cika 'yar siririyar hanyar nan har saman shinge. Na gwada da mota ta kafe. Na gwada da ƙafa, na yi mil biyu, dusar ta kai mini ƙugu, duhu ya yi, na daina jin yatsuna, na juyo. Dare biyu ina zaune a bakin taga ina lissafin wace ce za ta fara.

Ranar Asabar dattijon nan ya buɗe hanya da tarakta ya ɗauko ni. Tun daga ƙyaure na ji kukan ya sauya. Iska ta turo dusar ta ƙarƙashin ƙofa ta rufe rabin rumfar, bututun ruwa ya daskare. 'Yan awaki goma sha ɗaya na tsinta, wasu ko mahaifar ba a lashe musu ba, sun sandare kamar itace. Wata ja mai farin goshi, wadda yarana suka fi so, ɗan ya zo mata a karkace, ƙafa ɗaya a waje, ta mutu a haka. Aikin minti biyar ne da ina nan, in sa hannu in juya shi. Akwai ɗaya da na samu a kusurwa da sauran numfashi, bakinsa sanyi ƙalau. Dattijon ya karɓe shi ya cusa cikin rigarsa, muka tatso dakashi daga uwar, muka zura masa ta siririn bututu. Can sai ya yi wani ɗan atishawa. Na durƙusa a cikin taɓo na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar Baba. Dattijon bai ce komai ba, ya juya baya yana gyara ƙofa har na gama.

Da daddare na buɗe littafin nan mai baƙin bango na rubuta komai. Wallahi ba don hukuma na rubuta ba, rasa wanda zan gaya wa na yi. Amma shafukan nan, da takardar likitan dabbobi, da rasit na motar da ta kwashe mushen, su ne suka zama ƙashin bayan takardar da muka shigar a bazarar 2018. Wannan karon ba gida muka nema ba. Izinin wucin gadi muka nema na shekara uku, a ajiye karaban a zauna a ciki, a ga ko sana'ar za ta tsaya da ƙafarta. Haka aka saba yi wa sabuwar gona.

Majalisar ƙauyen ta ce ba ta goyon baya, wasiƙun adawa suka shigo har goma sha tara. Na karanta su duka, tunda a intanet ake sa su. Wasu sun ce wari, wasu sun ce motoci za su yi yawa. Mutum biyu sun rubuta cewa wurin zai koma mayanka, kuma na gane abin da suke nufi da wanda suke nufi. Amma mafi yawansu abu ɗaya suka ce: wannan mutumin gida ya nema aka hana shi, ya bi ta rumfa aka hana shi, ya ɓoye karaban aka kama shi, yanzu ya sayo awaki. Ta ina zan musa? Sun sha ganin masu kuɗi daga birni sun sayi fili, sun zuba 'yan dabbobi na shekara uku, da gida ya tsaya dabbobin su ɓace. Ni ma da niyyar da na zo ke nan, awakin ne suka sauya ni a hanya, kuma wannan ba abu ne da ake iya nunawa a takarda ba.

Saboda adawar, maganar ta je gaban kwamitin kansiloli. Minti uku ake ba mutum, da agogo a gabansa. Na haddace jawabina kamar karatun allo, da na tashi ya gudu. Na ce musu kawai gaskiya ne da farko gida na zo nema, kuma na yi kuskuren karaban, sannan na ba su labarin jar akuyar. Bayana dattijon ya tashi, da hularsa a hannu. Ya ce shekara 50 yana noma a kwarin nan, bai goyi bayan gidan farko ba, shi ma ya rubuta adawa a 2015. A nan na fara jin haka. Ya ce amma tun daga hunturun nan, duk daren da ya tashi fitsari yana hango tocilan wannan mutumin a rumfa. Masanin da hukumar ta ɗauka ya duba lissafinmu ma ya yarda akwai larura. Aka kaɗa ƙuri'a, muka tsallake da ƙyar.

Shekara ukun nan a karaban, in na ce zan ba da labarinsu sai wani rubutun. Mun koma mu biyar a farkon 2019. Da hunturu numfashinmu yakan taru a silin ya riƙa ɗigo mana a fuska da asuba. Uwargida ta samu aiki a wani asibiti mai tafiyar minti 40, tana fita da kayan aiki a leda saboda kada su ɗauki warin bunsuru. Babbar 'yarmu ta yi wata biyu ba ta yi mini magana in ba gaisuwa ba, an raba ta da ƙawayenta, ita kaɗai ce mai ɗankwali a makarantarsu. A shekara ta biyu aka yi gwajin tarin fuka na shanu, wanda ya yi katutu a yammacin Ingila, maraƙi ɗaya ya nuna alama. Aka rufe gonar, saniya ba ta shiga ba ta fita sai zuwa mayanka, har sai an yi gwaji biyu masu tsabta da tazarar kwana 60. Kullen korona na Maris 2020 ya zo ya rufe gidajen abincin da ke sayen namanmu. Shekarar nan asara muka rubuta. Abin da ya cece mu, mutane suna zaune a gida suka fara kira suna neman rabin akuya, na riƙa karɓowa daga mayanka ina kaiwa ƙofa-ƙofa a titunan da na shekara ina tuƙa bas.

Akanta ya rufe lissafin shekara ta uku da riba, ba mai yawa ba, amma ta kai albashin ma'aikacin gona. Muka shigar da takardar gida na dindindin, fam 462 wannan karon. Wasiƙun adawa biyu kacal suka zo. A kakar 2022, shekara takwas bayan gwanjo, saƙo ya shigo wayata ina tsakiyar yanke wa wani bunsuru kofato. Na karanta kalmar farko, na mayar da wayar aljihu, na ƙarasa ƙafa huɗun, domin in ka saki bunsuru ba ka sake kama shi a ranar. Sannan na je bayan rumfa na yi sujada a kan ciyawa.

Gidan da aka yarda mana ba shi ne na zanen farko ba. Ɗaki uku ne, da ɗan ofis, da wurin cire takalma, domin girman gida sai ya dace da abin da gonar ke samarwa. An ce a fara gini cikin shekara uku, a ɗauke karaban da an tare, kuma ba za mu ƙara ko da ɗaki ɗaya ba sai da sabon izini. Babban sharaɗin shi ne na mazauni: ba mai zama a gidan sai wanda aikin gona ne babbar sana'arsa a yankin, ko wanda a kansa ya yi ritaya, ko matar da ya mutu ya bari, ko mijin, da waɗanda ke ƙarƙashin kulawarsu. Sharaɗin a jikin gidan yake, ba a jikina ba, ko na sayar yana nan. Shi ya sa irin waɗannan gidaje ba su da daraja a kasuwa kamar sauran, masu ba da bashin gida ma da yawa ba sa son su. Mu da muke gudun kuɗin ruwa da ma ba mu da zaɓi mai yawa, sai muka yi ginin kaɗan-kaɗan, a daidai lokacin da katako da siminti suka yi tashin gwauron zabo. Mun tare a ƙarshen 2024, bene ba fenti.

Ɗan uwan nan da ya turo mini hoto ya tambaye ni ko da na san haka zan sake. Na ce masa ban sani ba, kuma har yanzu ban sani ba. Na dai ce kafin ya sa hannu ya biya a ba shi shawarar farko daga sashen tsara gine-gine, ya karanta tsarin yankin, ya kuma yi hattara da masu yanka gona ƙanana-ƙanana suna sayarwa da alkawarin wai izini na nan tafe. Na tambaye shi abin da uwargida ta tambaye ni. Ya yi dariya ya ce shi ko kaza bai taɓa kiwo ba.

Ɗan ofis ɗin nan tagarsa ce ke kallon ƙorama. Nan na ajiye carbin Baba da aka aiko mini, a kan fayilolin fasfo na maruƙa. Kwanan baya ɗana na tsakiya, wanda yanzu yake shirin jami'a, ya shigo ya tarar ina cika takardun fitar da awaki. Ya ɗauki kwafin izinin yana karantawa, ya tsaya a sharaɗin mazauni, ya ce, "Abba, ke nan in ba ku, in ba wanda ya yi noma a cikinmu, ba za mu iya zama a nan ba?" Na ce haka ne, sai dai ku sa manomi a ciki, ko ku sayar wa manomi. Ya ce shi fa injiniyan kwamfuta zai zama. Na ce Allah ya taimaka. Yayarsa tana karatun haɗa magunguna. Autar ce kawai take bina rumfa, ita ma shekararta 12, ba a san inda za ta dosa ba.

Ya ajiye takardar, ya ɗan tsaya, sannan ya ce wai ya ji wata tana nishi a rukunin da ke kusa da ƙofa lokacin da ya wuce. Na duba agogo, sha ɗaya saura. Na ɗauki tocila, shi kuma ya ɗauko bokitin ruwan ɗumi. Daga ƙofar kicin zuwa rumfa taku 60 ne.